Kada Ka Wanke

Ranar da aka ɗaye rufin shagon Baba a Agege,
don sabon titi zai bi ta kansa,
kafinta ya buɗe min tafin hannu:
"Zo ka ga matashin da tsohonka ya yi wa ƙusa."

Aninai ne, da kwabbai masu huji,
kowace ƙusa da nata a wuya.
Shekara hamsin suna tare ruwan Ikko
kada ya ɗiga kan huhun goro.
Mati Ɗangoro ba ya zubar da komai:
da gwamnati ta sallame su daga aiki,
shi ya ɗauke su gadi.

Na zuba su a gwangwanin madara,
na haɗa da na ƙasan adakar Inna Kande:
taro mai kusurwoyi,
sisi ɗan mitsitsi kamar farcen jinjiri,
sule mai itacen kwakwa,
da wata dala da ta sha hannu
har fuskar da ke kanta ta gaji ta tafi.

An ce akwai mai saye a tsibiri.
Daren nan na samu toka da lemon tsami,
na dirje, na dirje, na dirje,
sai da suka yi walƙiya kamar haƙorin Makka.
Anini ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado.
Barci na ido, na ƙyale shi.
Da asuba na jefa shi cikin 'yan'uwansa
da baƙinsa, da kunyarsa.

Danfo ta haye gada da mu.
Gwangwani na kuka a cinyata,
kwandasta na kallona kamar mai ɗauke da tsafi.
A garin nan ko mai ruwan leda
ba ya karɓar kuɗin da ke ƙara.

Bene na uku, fanka mai tari.
Baba Oyediran, tsohon ma'aikacin reluwe,
Hausarsa ta Kafancan ce, ba ta yi tsatsa ba.
Ya shimfiɗa ƙyalle, ya maƙala gilashi a ido.

"Wa ya wanke waɗannan?"
Na ce ni ne,
ina gyara zama don yabo ya same ni daidai.

Ya sauke gilashi, ya dube ni.
"Yaro, ka rina wa tsoho furfura
ka kawo shi neman kujerar dattawa.
Wannan dauɗar da ka kankare
ita ce shaidar.
Gumin 'yan dako ne, hayaƙin jirgi ne,
daminoni ne kwance bisa daminoni."

Sai ga baƙin nan a gefe.
Ya ɗauke shi ta baki-baki, kamar ƙwan tsuntsu,
ya karanta shekara,
ya nemo wani harafi da bai kai ƙwayar gero ba,
ya yi shiru har fanka ta gama tarinta.
Kuɗin da ya faɗa,
sai da na ce ya maimaita.

Anini!
Wanda sai goma sun taru ake kiransu kwabo.
Wanda Baba bai ga ya isa a ɓoye ba.
Lalacina ne ya cece shi,
ƙwazona ya kashe sauran.

Na sayar. Ba zan yi ƙarya ba.
Mai haya ba ya karɓar tarihi.
Kuɗin ya sayi kwano bandir biyu
da katakon sabuwar rumfa a bayan tasha.

Wankakkun kuwa, ya turo min da yatsa:
"Sai dai a awo, kamar gwangwan."
Na ce a'a, suna da sana'a.

Yanzu suna can sama,
kowace ƙusa da nata a wuya.
In ruwa ya kece da dare
nakan ji su suna aiki,
suna sake yin baƙi a hankali.

Na gaya wa Hanne, 'yar autata:
ran da aka ɗaye wannan rufin,
ki tattara su yadda kika same su.
Ki bar toka a murhu.
Ki bar lemo a bishiya.