Layi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ofishina kwantena ce a Tumfure,
ƙarfen da rana ke toyawa tun hantsi.
Fanka ɗaya, tebur da aka tokare da bulo,
da allon kwamfuta, inda asibitin ya riga ya tsaya
tun ba a zuba ginshiƙin farko ba.

Hawa biyar, wata talatin.
Yarjejeniya shafi ɗari huɗu na ɗura wa manhaja
sharaɗi bayan sharaɗi,
kamar mai ba jinjiri kunu da cokali.
Yanzu ta girma, ita ke tashina.
Kore, an biya. Rawaya, ana jira.
Ja kuwa, wani zai sunkuyar da kai.

Ranar Talata ta yi ja
a layi na ɗari biyu da sha huɗu.
Siminti daga Ashaka: buhu dubu a takarda,
ɗari takwas da sittin a hoton da mai sito ya ɗauka.
Ni ban ce uffan ba. Ita ta faɗa.

Da la'asar Alhaji Bappayo ya shigo, turare ya riga shi,
ya tambayi ƙafar mahaifiyata, ya tambayi gajiya,
sannan ya ce, "'Yata, lamba ce kawai. Ɗan taɓa ta."
Na juya masa allon.
Na nuna masa yadda kowane yatsa ke barin sawu,
suna da rana da minti,
har da abin da ke wurin kafin a goge.
Ya daɗe yana kallo, kamar mai leƙen rijiya.
Ya ce, "Wannan abu ba shi da kara."
Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a saka masa ba."

Bai san babana ba.
Shekara sha tara yana riƙe da sito, jan biro a bayan kunne,
sai dare ɗaya shafi uku suka fita daga littafinsa
aka ce shi ya ci rodin.
Har ya koma ga Allah yana lissafa su da baki,
tan kaza ranar kaza, direba wane,
ba mai rubutawa.

Amma kada in yabe ta fiye da kima.
Ranar da ruwan Agusta ya ɓalle kwari ya cinye mana hanya
ta rubuta: jinkiri, kwana shida.
Ba ta ga Lamela mai lanƙwasa rodi ba
cikin taɓo har gwiwa, yana jan janareta da igiya.
Kuɗinsa na kwance a rawaya mako uku,
sai wani injiniya a Abuja ya danna amincewa,
shi kuwa yana taro.
Lamela ya leƙo ta taga ya ce, "Malama Dija, ya ake ciki?"
Na ce ana jira.
Ya ce, "Ana jira ba ya shiga tukunya."
Na nemi gurbin da zan saka wannan magana, babu.

Daren Alhamis tirela ta zo ba fitila,
ta sauke buhu ɗari da arba'in, ta juya.
Ba wanda ya aiko ta.
Da safe sabis ya ɗauke,
na hau hawa na uku da kwamfuta a hammata,
na tsaya inda zane ya ce ɗakin haihuwa ne,
yanzu dai katako da ƙusa da warin danyen kankare.
Sanda biyu ta sabis ta dawo.
Na rubuta: an karɓa.
Layin ya koma kore.

Can ƙasa, Lamela na buga guduma.
Nasa layin bai motsa ba.
Na sake tura wa Abuja tuni, karo na tara.