Ganuwar Kan Dutse

Motar Bauchi ta sauke ni a tashar Dass
da hantsi, ƙafata ɗaya ta yi tsami,
jaka goye a bayana kamar ɗan wata uku.
A ciki akwai bargo, gorar ruwa, ƙuli-ƙuli,
a ƙafa kuma takalmin da bai taɓa sanin hawa ba.

Mai shayi ya dube ni, ya dubi jakar.
"Ɗan ƙidaya ne, ko mai sarin shinkafa?"
Na ce a'a, dutse na zo gani.
Ya ɗaga kofi sama, ya tsiyayo cikin wani.
"Dutse? Ai ba inda za shi.
Ci burodinka tukuna."

Na ratsa gari a ƙasa.
Turiri na tashi daga tukwanen masu turara shinkafa,
tela na taka keke a inuwar durumi,
wani yaro na wanke babur a bakin kwalbati.
Duk lungun da na bi, dutsen na leƙo ni
ta saman rufin kwano,
kamar maigidan da ke jiran sallamar baƙo.

A gindinsa na iske Rifkatu,
shekara goma sha ɗaya, awaki bakwai,
silifas ɗaya shuɗi, ɗaya ja.
Ta ce, "Ganuwar tsofaffi kake nema? Biyo ni.
Kada ka kama ciyawa, maƙaryaciya ce.
Kama dutse."

Muka hau.
Ita kamar tana zuwa ɗebo wuta a maƙwabta,
ni kuwa numfashi sai ka ce zugazugin maƙeri.
Sau uku na zauna na ce ina kallon gari.
Sau uku awakin suka juyo suna tauna,
sun san gaskiya.

Can sama, ga ta.
Duwatsu bisa duwatsu, babu laka, babu siminti,
tsayinta iya ƙirjina, wani wurin iya gwiwa,
ƙadangare na gadi yana gyaɗa kai.
Ƙofar tsaguwa ce tsakanin fā biyu.
Na kutsa, jaka ta ƙi.
Na karkata, ta ƙi.
Rifkatu ta yi dariya har ta dafa ciki:
"Da gangan suka yi ta haka.
Mai kaya ba ya shiga, sai ya sauke."
Na sauke. Na shiga da ƙashina da gumina.

Ciki shiru.
Ramukan niƙa sun lotsa cikin fā, santsi kamar tafin jariri,
ruwan saman jiya na kwance a cikinsu.
Na tsinci katangar tukunya mai zanen farce.
"Kaka ta ce nan kakarta ta yi niƙa,
kuma ba a hura wuta da rana,
kada hayaƙi ya kai tsegumi ƙasa."

Na leƙa. Dass ta koma shanyar hatsi a tabarma,
fadamu kore shar, titi kamar zaren da ya kuɓuce wa tela.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihu,
saƙo bakwai a jere, duk na ofis.
Idon yarinyar ya tsaya a kanta.
"Nan sabis ya fi kamawa. Kana da kati?
Yayana na Fatakwal, wata biyar ba mu ji shi ba."
Ta karanto lambar da ka, ba gargada,
kamar mai bitar haddar makaranta.

Ta hau kan ganuwar, waya manne da kunne,
a wurin da aka gina don kada a ji motsin kowa
tana kwarara murya:
"Bitrus! Ni ce! Jar akuya ta haifi biyu!"

Na koma bakin ƙofa in ɗauki jakata.
Awaki sun riga ni.
Ƙuli-ƙulin ya ƙare, har da ledar,
kuma ɗaya tana gwada bargon.