Direban Ƙaura

Shekara tara nake jan wannan tirela,
daga Fresno zuwa Lubbock, in juyo.
Ban taɓa karanta ƙidayar jama'a ba,
amma na san nauyin firji a kafaɗa.

Wai Kalifoniya ta fi yawan mutane,
ta fi kaurin aljihu.
Ban musa ba. Sai dai Marisela Quiroz, malamar jinya,
albashinta kogi, hayarta rairayi,
kan goma ga wata ya shanye.
Na ɗora mata gado, da keken ɗinki,
da dashen lemun tsami da ta ƙi bari.

Teksas ta tarbe ta da ɗaki huɗu.
Jihar ba ta yankar albashi,
ta laɓe tana jiran harajin gida.
Kowa da inda yake ɓoye wuƙarsa.

Can inabi da masu kwamfuta,
nan injin haƙo mai na sunkuyawa yana ɗagowa
kamar mai daka.

Jiya ta kira ni.
Sanyin dare ya kashe lemun, in ji ta.
Nawa ne komawa?
Na ce, komawa da araha, Marisela,
motar wayam take tafiya.