Shinkafar Masu Ita

Tun daga Obalende muke gardama cikin gosulo,
ni da Barira, waya ɗaya a tsakaninmu.
Albashinta na farko ya shigo, yau sai abincin Tailan.

Na Ikoyi fitilu kamar gidan biki,
kwanon miya ɗaya kuɗin motar wata guda.
Na Lekki an ce kukun ɗan can ne,
amma wa zai kai Lekki da yunwa cikin wannan ruwa?
Na uku yana bayan wani banki, kujera takwas.
Matar ta ce, babu alade, ku taho.

Muka tafi.

Taliya da dakakkiyar gyaɗa.
Tsamiya ta gaishe ni kamar 'yar unguwarmu.
Barkononsu kuwa sai ka haɗiye
yake faɗa maka sunansa.

Sai shinkafa ta iso, fara sol.
Barira ta ajiye cokali.
Shekara ashirin Baba ya yi a Daleko
yana sauke buhunanta a wuya,
bai taɓa jin da wace miya masu ita ke ci ba.

Muka ce a ƙulla mana ɗaya a leda,
a rage yajin.