Bishiya Mai Takarda

Ranar da muka karɓi mabuɗin gidan nan
a Moortown, can gefen Leeds,
Lantana ta leƙa bayan gida ta ce,
"Wannan bishiyar za ta cinye mana rana."
Gaskiyarta.
Alayyahon da ta shuka ya fito rawaya kamar mai ciwon shawara,
tumatir ya yi fure, ya fasa.

Ban san sunanta da Hausa ba.
Ba gawo ba ce, ba maɗaci ba, ba kirya ba.
'Ya'yanta ƙanana, kowanne da 'yar hularsa,
suna faɗowa kan rufin mota cikin dare
kamar baƙon da ke sallama da tsakuwa.

Wata Asabar na aro zarto mai inji.
Ko igiyarsa ban ja ba
sai ga furfurar tsohuwa Dilys ta saman shinge,
kofin shayi na rawa a hannunta:
"Kada ka taɓa ta. Tana da takarda."

Na yi dariya. Takarda kuma?
Ta shiga ta fito da taswirar unguwa,
ta ɗora yatsa kan wani ɗigo mai lamba.
Hukumar gari ta rubuta ta a littafi
tun ban zo duniya ba.
Ka sare reshe ɗaya ba izini,
sai kotu, sai tarar da za ta sa ka sayar da motar.

Na ajiye zarto, na zauna kan matakala.
Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina bin layi,
hoto, dangwalen yatsu, kuɗin biza,
kafin a ce mini to, zauna.
Ita ko ofishin kowa ba ta taɓa zuwa ba.
Tana tsaye aka zo aka same ta.

Na cike fom. Mako bakwai shiru.
Sai ga wani saurayi da rigar ruwa da igiyar awo,
ya rungume ta, hannunsa bai kai ba,
ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa
kamar likita a ƙirjin dattijo.
Reshe biyu, in ji shi, na wajen kudu.
Ko ɗaya kada a ƙara.

Daren nan na tuna ɗorawar gonarmu.
Kakana ya tarar da ita, babana ya yi aski a gindinta.
Masu gawayi suka biya kawu Barmo,
tsakanin azahar da la'asar ta kwanta.
Ba wanda ya leƙo ta saman darni.
Ni ma ina wurin, ina tsintar ƙirare.

Yanzu alayyahon Lantana yana ƙofar gida
cikin bokitai huɗu, yana samun ranarsa.
Har gobe tana hararar bishiyar in tana shanya.
Ni kuma kowace kaka
buhu goma sha takwas nake kwashewa na ganye,
bayana yana ƙara, ina mita,
Dilys tana riƙe mini bakin buhu.

Jiya 'yata Hanne ta cika aljihu da 'ya'yanta,
ta ce, "Baba, tamu ce?"
Na ce a'a, maƙwabciya ce.
Ta riga mu zuwa, za ta raka mu.
Ɗauko tsintsiya.