Darbejiyar Bayan Madina

Sau bakwai na sare ki a gefen lambuna,
sau bakwai kika tofo, kowane karo da rassa biyar.
Addata ta dakushe, kafaɗata ta yi tsami,
ke kuwa ko a jikinki.

Seidu, ɗan 'yata mai karatu a Legon,
ya tsuguna bakin kunyar latas ran Lahadi,
ya ce, Kaka, wannan ba 'yar ƙasa ba ce.
Daga hayin teku aka ɗauko ta,
tsutsar da ke cin ta, da ƙwaron da ya san lagonta,
duk an baro su can bakin gaɓa.
Na ce, ashe shi ya sa.
Wanda ya baro masu bin sa bashi a wani gari
ai dole wuyansa ya yi kauri.

Amma ba shi ke nan ba, ni ma ina da ido.
Da magariba jemagun asibitin sojoji
sukan taso kamar hayaƙin bola,
su tsotse zaƙin 'ya'yanki,
su yar da ƙwallon duk inda katafila ta kankare.
Ba ki biya su ko sisi ba,
ga su suna yi miki dako har Ashaiman.

Ba kya zaɓen shimfiɗa.
Tsakuwa, jar laka, bakin kwata,
tsagar simintin gidan da mai shi ya kasa ƙarasawa,
duk ɗaya ne a wurinki.
Saiwarki tana shan ruwa inda gugana ba ya kaiwa.
Akuyar Azumi ta lasa ganyenki sau guda,
ta yi atishawa, ta koma kan alayyahona.
Gobarar rani ta cinye ciyawa, ta cinye ɗinya,
ke kika yi baƙi kwana goma
sannan kika sake riga.

Da na zo nan ina saurayi
akwai kanya biyu, da giginya mai tsayi
wadda direbobin Dodowa ke kwatance da ita.
Ba ki yi faɗa da su ba, ban ji ko kara ta karye ba.
Inuwa kawai kika shimfiɗa kan 'ya'yansu,
kika jira.
Yanzu Nii Kwei, mai filin nan,
yakan lissafa mini itatuwa da harshen Ga,
sunayen da jikokinsa ke ji kamar tatsuniya.

Sai dai gaskiya ɗaci gare ta, kamar ke.
Da zazzaɓi ya kayar da ni a damina
ganyenki Azumi ta dafa na yi surace.
Asuwakin da ke bakina reshenki ne.
Gawayin da ta gasa masara jiya, ke ce.
Mu muka dasa ki a ƙofar masallaci,
mu muka kewaye ki da kwando don kada a taka.
Wa zai kori baƙon da ya iya magani?

Ran nan ina zagin ki da ƙarfi,
Nii Kwei ya dube ki, ya dube ni,
ya yi dariya har tabarsa ta faɗi.
Na san abin da bai faɗa ba.
Kakana da jakai ya sauko, bayan goro,
ya kwana uku, kwana ukun suka zama mu.
To, amma ni ina biyan kuɗin fili duk wata,
na iya gaisuwar safe da harshensu,
kuma ban tare wa ɗan kowa rana ba.
Haka dai nake gaya wa kaina.

Gobe zan wasa addar, karo na takwas.
Yau da asuba, cikin gwangwanin da na yafa irin tumatir,
na ga ganye biyu masu bakin zarto.
Na kai hannu.
Aka kira salla.