Matakala Casa'in da Ɗaya

A Valparaíso gidana yana kan tudu,
matakala casa'in da ɗaya daga bakin teku.
Ƙafar hagu ta fi ni sanin lissafin.

Da dare, mayafi ma garwashi ne.
Likita ta ce jijiya ce ke ƙarya,
tana ihun gobara alhali ba hayaƙi.
Ta ƙara mini rabin ƙwaya.
Jiri ya zo, barci ya biyo sawu.

Ran Laraba Eulalia ke hawowa
da romon kifi a kwano.
Ba ta cewa "yi haƙuri."
Zama take yi, ta huce haki:
"Yau nawa, cikin goma?"
Na ce shida.
"To, mu sauka huɗu mu dawo."

Bakwai muka sauka.